Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Kira Ga Matasan Kankiya Da Kusada Kan Ilmin Sararin Samaniya

  

Akwai wani fanni na ilmi da matasan Musulmi na wannan yanki suka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa kusan babu wata ibada ta yau da kullum da ba ta rataya da shi ba. Wannan fanni shi ne ilmin falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari, tare da ɗan'uwansa ilmin fiziks da ke bayanin haske da nauyi da motsi. Salloli biyar da tafiyar rana ake gane lokutansu. Azumi da idi da aikin hajji da tsayuwar wata suke tafiya. Alƙibla kuwa ba ta daidaituwa sai an san inda garin mutum yake a doron ƙasa. Amma duk da haka, da zarar an ɗauko zancen sama a majalisar shayi a Kankiya ko a Kusada, sai ka ji wani ya yi tsaki ya ce zancen Turawa ne. To, ɗan'uwa mai karatu ya ba da aron hankalinsa, domin abin ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato.

RANAR DA DARE YA YI DA HANTSI

Duk wanda ya mallaki hankalin kansa a shekarar 2006 ba zai manta da Laraba 29 ga Maris ba, wadda ta zo a ƙarshen watan Safar na 1427. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe inuwar wata ta ratso Nijeriya daga kudu maso yamma, ta bi ta kan Gusau da birnin Katsina, ta tsallaka Maraɗi, ta nufi Sahara har Libiya da Turkiyya. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf na tsawon minti uku da wani abu. Kankiya da Kusada, da suke maƙwabtaka da birnin, su ma sun ga hantsi ya koma tamkar almuru.

Abin lura a nan shi ne, tun shekaru kafin ranar masana sun riga sun rubuta kwanan watan, da mintin da abin zai fara, da garuruwan da inuwar za ta bi. Ba duba suka yi ba, ba su kuma yi tsafi ba. Lissafi ne tsagwaronsa, irin wanda ɗan sakandare mai himma zai iya fahimtar tushensa.

Ga yadda abin yake. Wata yana kewaya duniya, duniya kuma tana kewaya rana. Nisan wata daga nan kimanin kilomita 384,000 ne, na rana kuwa kimanin kilomita miliyan 150. Da za a shimfiɗa kwalta zuwa can, motar da ke gudun kilomita 100 a awa ba tsayawa za ta isa wata cikin kwana 160, amma zuwa rana sai ta share shekara 171. Rana ta fi wata faɗi da kusan ninki 400, sai kuma Allah Ya nisanta ta da kusan ninki 400, shi ya sa a ido ake ganinsu kai ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babban. Idan wata ya gifta tsakanin duniya da rana, inuwarsa ta faɗo a kan wani yanki, shi ne kisfewar rana, kuma ba ta aukuwa sai a ƙarshen watan Musulunci. Idan kuwa duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta lulluɓe wata, shi ne husufin wata, kuma ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar. Mai tambaya zai ce, to me ya hana a riƙa yin husufi kowane wata? Amsa ita ce, hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar duniya, saboda haka yawancin lokuta inuwar kan wuce ta sama ko ta ƙasa.

Tun zamanin mutanen Babila aka gano cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8. Ɗan'uwa ya ɗauki biro ya gwada. Idan aka ɗora shekara 18 da kwana 10 da awa 8 a kan 29 ga Maris 2006, za a faɗa kan 8 ga Afrilu 2024. A wannan rana kuwa rana ta rufe a Meziko da Amurka da Kanada. Awa takwas ɗin nan da ta yi rara ita ta sa duniya ta ƙara juyawa kashi ɗaya cikin uku, sai inuwar da ta taɓa sauka a Katsina ta koma can yamma. Subhanallah! Wanda ya san wannan, shin imaninsa raguwa zai yi ko ƙaruwa?

ABIN DA JAHILCI KE HAIFARWA

A daren 9 ga Janairu 2001 an yi husufin wata, sai wasu gungun matasa a Maiduguri suka fita suna ƙona otal-otal da gidajen giya, wai zunubin masu wuraren ne ya sa wata ya kamu. Kafafen labarai na duniya suka ɗauka suka yayata, aka yi ta yi wa Musulmi dariya. Haramcin giya ba ya buƙatar husufi kafin ya tabbata, kuma hana mummuna yana da hanyoyinsa da sharuɗɗansa a shari'a. Amma husufin da aka san da zuwansa tun shekaru aru-aru, wanda aka gani a wannan dare daga Turai har Asiya, yaya za a rataya shi a wuyan wani mai otal?

Wannan fahimta tun Manzon Allah (SAW) yana raye ya rushe ta. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina rana ta kisfe, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Duk da yana cikin juyayin rashin ɗa, bai bar maganar ta wuce ba. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umurce su da sallah da addu'a da sadaka. Masana falaki sun lissafa baya sun samu an yi kisfewar rana da aka gani a Madina ranar 27 ga Janairu 632, wato ƙarshen Shawwal na shekara ta goma bayan hijira. Saboda haka abin da ake buƙata ga matashi ranar husufi shi ne ya nufi masallaci a tsayar da sallar kisfewa, ya kuma iya tsayawa gaban ƙannensa masu kiɗa gwangwani suna cewa rana ta kama wata, ya yi musu bayanin abin da ke faruwa.

DUTSEN ZAGAMI

Ranar 3 ga Oktoba 1962, a kusa da ƙauyen Zagami da ke ƙasar Faskari a wannan jiha, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kusan kilo 18. Aka kai shi Kaduna wajen ma'aikatan binciken ƙasa aka ajiye.

Daga baya bincike ya tabbatar da cewa dutsen daga duniyar Mars ya fito, wadda malaman da ke kira Mirrihu. Yaya aka gane? A 1976 kumbunan Amurka biyu masu suna Viking sun sauka a Mars sun auna irin iskar da ke can. Da aka bincika 'yan ƙananan gurabu da ke cikin dutsen Zagami, sai aka tarar da iskar da ta maƙale a ciki ta dace da waccan, aka kuma buga sakamakon a 1995. Bayanin masana shi ne, wani ƙaton dutse ne ya daki Mars kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ya fantsama ɓaraguzai cikin sarari, ɗaya daga ciki ya yi ta yawo har Allah Ya ƙaddara masa sauka a gonar Bakatsine.

A yau gutsattsarin dutsen nan suna warwatse a jami'o'i da gidajen tarihi na ƙasashen waje, dillalai kuma na sayar da shi giram-giram da tsadar da ta wuce ta zinariya. Har ma a 1996 an ɗora ɗan ƙanƙanin ɓallinsa a kumbon Mars Global Surveyor aka mayar da shi ya kewaya duniyar da ya fito. Duk ɗalibin wannan fanni a Japan ko Jamus ya san sunan Zagami. To, matasa nawa ne a Kankiya da Kusada suka taɓa jin labarin? Kyauta ta sauko daga sama har gida, amma ilmin da za a karanta ta da shi yana hannun wasu. Wannan kaɗai ya isa abin kuka.

DUNIYA BA TA JIRAN KOWA

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Ma'ana, cikin daƙiƙa ɗaya zai iya zuwa Katsina daga Kankiya ya dawo sau dubu biyu da ɗari biyar. Duk da wannan gudu, hasken rana sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso, na tauraro mafi kusa bayan rana kuwa sai ya haura shekara huɗu. Ke nan mai kallon sama da dare tsohon labari yake gani, hasken da ya baro gida tun da daɗewa.

A kan wannan ƙa'ida aka gina madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, aka girke shi a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya. Ya hango tarin taurarin da haskensu ya yi tafiyar fiye da shekara biliyan 13. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar da sarari kansa ya yi sakamakon karon wasu baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da ƙarfin jansu ya kai ko haske ba ya kuɓuta, abin da Einstein ya hango da alƙalami shekara ɗari kafin nan. A 2019 aka fitar da hoton farko na irin wannan rami. Duniyoyin da aka tabbatar suna kewaya wasu taurari ban da rana sun haura 5,000 tun 2022.

Kada kuma a ce harkar ta Turawa ce kaɗai. A Fabrairun 2021 kumbon Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Amal ya isa Mars. Ranar 23 ga Agusta 2023 Indiya ta sauke kumbonta kusa da kudancin wata. A Yunin 2024 Sin ta ɗebo ƙasa daga bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantar duniya. Nijeriya ma ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta kuma mallaki tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, a Satumban 2003. Tambayar ita ce, ina 'ya'yan wannan yanki a cikin tafiyar?

UZURORI UKU

Na farko, masu cewa ilmin kafirai ne. Waɗannan su koma tarihi. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya auna tsawon shekarar rana bai kuskure ba sai da 'yan mintuna. Ibnul Haisam ya rubuta bayanin yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa ya zana surar rana a bango lokacin kisfewa. Ibnus Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne tsayar da lokutan sallah a babban masallacin Dimashƙu, daga nan ya gyara lissafin tafiyar wata. A nan gida akwai Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki ɗan ƙasar Katsina, wanda ya koyar a Misira ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatta manoman karkara da fitowar Kaza da 'Ya'yanta da ɓuyanta suke kirdadon damina, sun kuma san Zara da Gamzaki, waɗanda bincike ya nuna duniya guda ce, wani lokaci ta fito da almuru, wani lokaci da asuba. Abin da shari'a ta hana shi ne duba da taurari, a ce tauraro kaza ne ke kawo arziki ko tsiya. Auna tafiyarsu kuwa hidima ce ga addini. Sai dai tunƙaho da kakanni ba ya harba kumbo. Gado sai an riƙe shi yake zama gado.

Na biyu, masu cewa duk ƙarya ce, ba wanda ya taɓa zuwa wata. Tsakanin 1969 da 1972 mutum 12 ne suka taka wata, suka dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382. Tarayyar Sobiyet, babbar abokiyar gabar Amurka a lokacin, tana da na'urorin bin diddigi, kuma ba ta ƙaryata ba. A farkon shekarun 1960 ma a Kano aka kafa ɗaya daga tashoshin da ke bin sawun kumbunan Amurka na farko masu ɗauke da mutum. A Agustan 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam. Abin mamaki, wasu daga cikin masu ƙaryatawar su ne kuma ke yaɗa cewa Neil Armstrong ya ji kiran sallah a wata ya musulunta, labarin da shi da kansa ya musanta. Musulunci ba ya buƙatar a tallafe shi da ƙarya, kuma Musulmi an umurce shi da bin diddigin labari kafin ya yaɗa.

Na uku, masu cewa ana fama da yunwa da rashin tsaro, wa ke ta taurari? Wannan uzuri yana da nauyi, domin kowa ya san halin da jihar nan ta shiga. Amma hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, wanda manomin Rimaye ko Mawashi ke buƙata kafin ya zuba irinsa, da bayanan taurarin ɗan'adam ake haɗa shi. Taswirar da ke cikin waya da su take aiki. Farantin sola da ke ba masallaci wuta ɗan fiziks ne. Al'ummar da ba ta da masana waɗannan abubuwa za ta dawwama tana saye da tsada, tana kuma jiran a gaya mata abin da ke faruwa a saman kanta.

ABIN YI

Ba sai da kuɗi ake farawa ba. Ƙauyukan Kankiya da Kusada suna da abin da manyan birane suka rasa, wato sama mai duhu da taurari ke fitowa tar, musamman bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauko.

Na ɗaya, kowace Islamiyya ta samu matasa biyu ko uku da za su riƙa fita duban wata duk ranar 29, suna rubuta abin da suka gani. Su sani cewa watan sama kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, kuma jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba da wuya ido ya riske shi. Sanarwa haƙƙin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa, kuma lissafi ba ya ture gani. Amfaninsa shi ne ya nuna wa mai duba inda zai kalla, ya kuma kare al'umma daga shaidar wanda ya ga gajimare ko jirgi ya ɗauka wata ne.

Na biyu, a duba alƙibla. Daga wannan yanki Ka'aba ba gabas sak take ba, ta karkata arewa da kusan digiri 20. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana kan tsaya daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya kafa sanda a miƙe a wannan lokaci, inuwarta ta ba alƙibla baya ke nan. A sanar da liman da dattawan masallaci cikin ladabi, kada abin ya zama hanyar raina manya.

Na uku, a riƙa lura da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tana nisan kusan kilomita 400 sama, tazarar da ba ta kai tafiyar mota daga Kankiya zuwa Abuja ba, tana kewaya duniya cikin minti 90. Ana ganinta da ido wasu ranaku bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai tafiya ba ƙyaftawa. Abin da ya hana ta faɗowa shi ne gudunta: duniya na janyo ta, ita kuma tana wucewa gaba da saurin da kullum sai ta kuskure ƙasa. Haka wata ma yake.

Na huɗu, a shirya wa abin da ke tafe. Lissafi ya nuna ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta rufe ruf a Makka da Jidda da kudancin Misira, a nan kuma a ga wani sashe nata ya kisfe. Ranar 20 ga Maris 2034 inuwar za ta sake ratsa Nijeriya ta wajen Legas. Kada kowa ya kalli rana da ido tsirara, ko ta baƙin tabarau, ko a kwanon ruwa, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. A duba ƙarƙashin darbejiya, za a ga hasken da ke ratsa ganye ya zana ɗaruruwan lauje a ƙasa.

Na biyar, kuma mafi girma, ɗan'uwan da ke sakandare ya daina gudun lissafi da fiziks. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Jami'ar Tarayya a Dutsinma, duk tafiyar awa guda ce ko ƙasa da haka. Wanda ya iya haddace Alƙur'ani da dare a gaban wutar kara, ba lissafin aji huɗu ne zai gagare shi ba. Iyaye da malaman Islamiyya su ma su ƙarfafa gwiwar yaran da Allah Ya ba basira ta wannan fuska, domin malamai sun bayyana cewa duk ilmin da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsa farilla ne na kifaya, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Allah Ya ƙara wa matasan Musulmi ilmi mai amfani, Ya kawo zaman lafiya a jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya, Ya sa a dace duniya da lahira, amin.